Bayan Littafin Bashi

Littafin bashi na saya, mai baƙin bango,
a bakin Singa, ranar da sukari ya tashi.
Daga gaba mutane ne:
Tasi'u mai shayi, katan biyu na madara;
Balaraba ta Ƙoƙi, rabin buhun fulawa, sai ta kwashi adashi;
Malam Mudi, sabulu, ya ce in ƙara masa haƙuri.
Daga baya kuwa ni ne.

Ban shirya ba.
Wuta aka ɗauke a Gwammaja,
janareton maƙwabci yana tari kamar zai shiɗe,
na kifa littafin, na buɗe shafin ƙarshe,
na rubuta: Sagiru ya ci amanata.
Na ja layi biyu a ƙasa har takarda ta huje.

A majalisarmu ta ƙofar gida
na faɗi wannan magana ya fi sau goma.
Kowa ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji,
yaran yanzu ba a yi musu gwaninta."
Na sha shayi, na ji sanyi,
na shiga gida da ƙullin nan a ƙirji yadda na fito da shi.

Takarda ba ta cewa gaskiyarka.
Shiru take yi, ta zuba maka farin ido,
sai ka ji kunya ka ƙara layi.
Na ƙara: ya buɗe teburinsa a layin 'yan taliya,
ya janye mini mutum huɗu.
Ta yi shiru.
Na ƙara: ni na ɗauko shi, bai san bakin awo ba.
Yaushe? Hannuna ne ya tambaya, ba ni ba.
Na ƙirga da damina. Bakwai.

Nan biro ya tsaya.
Sauro ya samu wuyana ban kore shi ba.
Biyar muka yi da babansa, a zauren gidansu,
na ce in ya cika biyar zan sallame shi da jari.
Da bakina. Har goro aka raba.

Ni da nake bin Malam Mudi kuɗin sabulu har masallaci,
ban taɓa mance sisin da ke aljihun wani ba,
ashe shekara biyu ta ɗan mutane
tana aljihuna, ina tafe da ita kasuwa kullum,
ina jin nauyi, ina cewa tsufa ne.

Tun daga ranar nake zama bayan isha.
Ba kullum abin kirki ke fitowa ba.
Wani dare farashin mai ne kawai,
wani dare tsawar da na yi wa Hannatu kan gishiri,
wani dare babana, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi,
abin da na shekara talatin ban tuna ba.
Tunani a ka kamar cunkoson Ƙofar Mazugal yake,
kowa na hon, ba mai matsawa.
A takarda dole su bi layi,
in ga wanda ya tare hanya.
Sau da yawa motata ce.

Jiya na juya littafin ta gaba,
ƙarƙashin Balaraba na sa sunana,
na rubuta: Sagiru yana bi na.
Gurbin adadi na bar shi fari,
ban san farashin shekara ba.

Da safe na bi ta layin 'yan taliya.
Na hango shi yana ɗaure kwali, ya yi ƙiba kaɗan.
Na rage tafiya. Ban tsaya ba.
Wannan ma na rubuta shi yau, ba ado.

Shafi tara ya rage tsakanin gaba da baya,
tsakanin masu riƙe da nawa da mai riƙe da na wani.
Biro ya fara shaƙewa.
Gobe Laraba, yana buɗewa da wuri.